Tsitsernakaberd a Yereban: wurin ya gamsar da ni, amma masu shirya ziyarar sun ɓata mini rai

Ga duk wanda aiki ko karatu ya kai shi Armeniya, ina ba shi shawara ya hau tudun Tsitsernakaberd da ke birnin Yereban, inda aka gina dandalin tunawa da Armeniyawan da aka hallaka a Daular Usmaniyya ta Turkawa tun daga shekarar 1915, tare da gidan tarihin da ke gefensa. Shiga kyauta ce, kuɗin mai yi wa baƙi bayani kaɗai ake biya, kuma ban yi da-na-sanin abin da na biya ba ko kaɗan.

Dandalin kansa ba shi da ƙyale-ƙyale. An kammala shi a 1967, shekara biyu bayan dubban jama'a sun cika titunan Yereban a ranar 24 ga Afrilu 1965 suna neman hukumomin Tarayyar Sobiyet su amince a tuna da mamatansu. Akwai wani dogon ginshiƙi mai tsini da ya kai mita 44, sai manyan duwatsu goma sha biyu da aka jera a da'ira suna sunkuye a kan wata wuta da ba a barin ta mutu. Mutum yakan sauka 'yan matakala kafin ya isa gaban wutar, kuma na tarar da furanni jere a bakinta, wata tsohuwa kuma tana gyara waɗanda iska ta karkatar, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne matar da ta zagaya da mu. A cikin gidan tarihin, wanda aka buɗe a 1995 kuma aka gina shi a cikin tudun, ta bi da mu daki-daki tun daga kamen malamai, marubuta da shugabannin Armeniyawa a Istanbul ranar 24 ga Afrilu 1915, har zuwa korar mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta ƙasar Siriya. Hotunan da Armin Wegner, wani ma'aikacin jinya a rundunar Jamus, ya ɗauka a ɓoye suna rataye a bango, kuma akwai waɗanda na kasa kallo sau biyu. Ta ce Armeniyawa suna ƙiyasta mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka mutu, ta kuma faɗa ba tare da ɗaga murya ba cewa gwamnatin Turkiyya har yau ba ta amince a kira abin kisan ƙare dangi ba. Ni kuwa, a matsayina na Musulmi guda a cikin ayarin, da hulata a kai, zuciyata ba ta kwanta ba, domin ina jiran lokacin da za a ɗora laifin a kan addinina gaba ɗaya.

Lokacin bai zo ba. Da muka fito waje, sai ta yafuto ni ta kai ni bayan wata doguwar katanga mai tsawon mita 100, wadda a gabanta aka sassaƙa sunayen garuruwan da aka kashe mutanensu. A bayan katangar akwai alluna masu ɗauke da sunayen baƙin da suka tsaya wa Armeniyawa, an kuma adana ƙasar da aka ɗebo daga kaburburansu a wurin. Ta wuce sunan Henry Morgenthau, jakadan Amurka na wancan lokaci, ta wuce na Fridtjof Nansen ɗan Norwe, sannan ta ɗora yatsanta a kan sunan Fa'iz al-Ghusein. Ta bayyana mini cewa Balarabe ne Musulmi daga yankin Hauran na Siriya, masanin shari'a, wanda hukumomin Usmaniyya suka tura Diyarbakir, ya ga abin da ya faru da idonsa, ya kuma rubuta shi a 1916 yana mai nanata cewa Musulunci ya barranta daga wannan aika-aika. Ta ƙara da cewa Sharif Husaini na Makka ya ba da umarni a rubuce a kare Armeniyawan da suka tsira, kuma iyalan Larabawa da yawa sun ɗauki marayu sun raine su a gidajensu. Ban roƙe ta wannan bayani ba, fuskata kawai ta karanta. Na yi mata godiya har sai da ta ji nauyi, kuma Allah Ya sani na daɗe ban ga ma'aikaci mai lura da halin baƙonsa irin wannan baiwar Allah ba.

Sai dai a daidai nan ne direban kamfanin yawon buɗe idon da ya kawo mu ya fara danna ham daga wurin ajiye motoci, kuma tuna wannan kaɗai yana sake tayar mini da hankali. Kamfanin ya karɓi kuɗinmu a kan cewa za a ba mu isasshen lokaci, ashe sun cusa wannan wuri ne a tsakanin wata kasuwar kayan tsaraba da wata masana'antar barasa da ke kusa, wadda tun a otal na shaida musu ba zan shiga ba. Ban samu damar karanta sashen Musa Dagh yadda ya kamata ba, inda mutanen wasu ƙauyuka suka hau dutse suka kare kansu har jiragen ruwan Faransa suka kwashe kimanin 4,000 daga cikinsu. Itatuwan da shugabannin ƙasashe suka dasa a harabar ma a guje na wuce su, ina hango Dutsen Ararat ta tagar mota maimakon in tsaya in dube shi. Wasu daga cikin abokan tafiyar kuma, saboda an ce su yi sauri, sai suka koma ɗaukar hotunan kansu suna dariya a gaban wutar, alhali ga tsohuwar nan a tsaye. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin wurin makoki ne, kuma babu wanda zai so a yi haka a maƙabartar danginsa.

Na kai ƙorafi ofishin kamfanin da yamma, suka ce tsarin tafiyar ke nan, ba su ba da haƙuri ba balle su mayar da wani abu. Saboda haka yabona na gidan tarihin ne da ma'aikaciyarsa, ziyarar kuwa yadda aka shirya mana ita ba zan ce ta biya ni ba. Wanda zai je ya ɗauki tasi da kansa, ya ware rabin yini aƙalla, ya nemi mai bayani a ƙofa, kuma ya tuna cewa ba a buɗe gidan tarihin ranar Litinin.