Asibitin da muka kai Umma allurar tafiya Umara: na yaba, amma da saura

Wannan bayani na masu shirin kai tsoho ko tsohuwa Umara ne, a kan wani asibitin kuɗi a cikin Kano da ke da ɓangaren riga-kafi na matafiya. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma ba talla aka ba ni ba. In aka tambaye ni ko zan koma, zan koma. Amma ba don ginin ba, ba don kujerun jira ba, balle mai karɓar kuɗi. Don wata nas ce mai ɗan shekaru da kowa a wurin ke kira Sista.

Umma ta haura shekara 65, tana da ciwon suga da hawan jini. Ejan ɗin da ke mana biza ya turo jerin allurai: sanƙarau, shawara, shan-inna, sannan ya ce ta mura kuma in an ga dama. Da baki ya ƙara da cewa in ba ma son wahalar da tsohuwa, akwai wanda zai buga mana kati ba tare da an tsira mata komai ba. Babban yayanmu, wanda shi ne mai biyan kuɗin tafiyar, ya so wannan dabara, don dama ba ya ga-maciji da allurar riga-kafi. Da muka ƙi, sai ya ce to da shi za a je. Kowa ya san abin da zai kai shi: kafa hujja.

Abin da ya fara burge ni shi ne firjin. Ba a ɓoye yake a wani ɗaki ba, a gaban mutum ake buɗe shi. Da sola yake aiki, kuma a jikinsa an manna takardar da ake rubuta awon sanyinsa safe da yamma. Yawancin alluran nan tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Zafi yana kashe ƙarfinsu, daskarewa ma tana lalata wasu, ciki har da ta mura. A garin da wutar lantarki sai ta ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sista ta miƙo mini kwalbar a hannuna ta ce in karanta ranar ƙarewar aikinta da kaina, sannan ta rubuta lambar rukunin maganin a katin Umma. A kan ta mura kuma ta nuna mini inda aka rubuta kakar da aka haɗa ta dominta. Ƙwayar cutar mura tana sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudu, ta zaɓi irin ƙwayoyin da za a sa a allurar. Wanda ya sayar maka da ta bara ya sayar maka da tsohon labari. Ku riƙa dubawa, musamman a wuraren da ba sa samun ciniki sosai, tunda allurar mura ba ta cikin alluran da gwamnatin Najeriya ke yi kyauta, kuma masu nemanta ba su da yawa.

Tun kafin Umma ta naɗe hannun riga Yaya ya fara. Ya ce, “Sista, ku da kuke cewa babu komai, kin manta abin da aka yi wa yara a Asibitin Zana?”

Na zaci za ta tsuke fuska. Sai ta ajiye audugar ta ce, “Alhaji, wa zai manta? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Zauna mu yi maganar.”

Ga waɗanda ba su taso a Kano ba: a 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sista ba ta rage komai daga wannan ba. Abu ɗaya ta gyara wa Yaya: Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka bai wa yaran da suka riga suka kamu, ba riga-kafi ba ne. Ta kuma tuna masa abin da ya biyo baya. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan-inna saboda zargin yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an samo shi daga Indonesiya. Daga wannan tsakanin zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a shekarun nan yau magidanta ne, suna nan muna ganinsu a kan keken guragu. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ni a ganina nan ne darajar wurin take. Ma'aikacin lafiyar da ke ce wa Bakano “ba a taɓa cutar da kowa ba” ya riga ya faɗi jarrabawa, domin mun san ƙarya ce, kuma daga nan duk abin da zai faɗa ba za a saurara ba.

A kan allurar mura Yaya yana da hujjar da ni ma na sha ji: mutum ya yi allurar, kuma ya kwanta da mura. Amsarta ta gamsar da ni. Ta ce abin da muke kira mura a gida ya haɗa cututtuka da yawa. Akwai ta yoyon hanci da atishawa da ke wucewa da shayi mai citta, allurar ba ruwanta da wannan. Wadda aka yi ta dominta ita ce mai kayar da mutum warwas da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda a jikin tsoho mai suga kan gangara huhu ta zama namoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irin wannan murar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. Ko a kanta ma allurar ba katanga ba ce: a shekarar da aka dace da zaɓin ƙwayoyin, tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a wata shekarar ma ƙasa da haka, kuma jikin tsofaffi bai cika karɓarta da ƙarfi kamar na matasa ba. Tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta fara aiki. Irin wadda ake yi a dantse babu rayayyiyar ƙwayar cuta a cikinta, don haka ba ta iya sa wa mutum mura, sai dai ciwon dantse da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu.

Da Yaya ya tambayi manyan illoli, ta lissafo biyu. Akwai wanda jikinsa ke ƙin maganin nan take, numfashi ya sarƙe, kamar mutum ɗaya a cikin miliyan, shi ya sa ake ajiye allurar gaggawa a kusa. Ta buɗe durowa ta nuna mana. Akwai kuma wani ciwon jijiyoyi mai raunana ƙafafu da hannuwa, wanda aka lura da shi a Amurka a 1976 lokacin allurar murar aladu, inda aka samu ƙarin mutum ɗaya cikin kowane 100,000. A allurar shekara-shekara ta yanzu lissafin bai wuce ɗaya ko biyu a miliyan ba, kuma ita kanta murar tana haddasa wannan ciwon. Akwai na uku da ba ta ambata ba, ni zan ƙara: allurar Pandemrix da aka yi a Turai lokacin annobar 2009 an danganta ta da ciwon yawan barci a yara da matasa, musamman a Finland da Suwidin. Hukumomin lafiyar ƙasashen ne da kansu suka gano suka bayyana, kuma ba a amfani da ita yanzu. Mai shakka zai ce ga shi nan. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne akwai masu bin diddigi bayan an yi wa mutane allura, kuma ina fata namu masu bin diddigin su kai haka.

Abin da ya sa Yaya ya yi shiru bai zo daga gardamar ba. Da aka zo kan allurar shawara, Sista ta tambaya ko Umma ta taɓa yi. Muka fito da tsohon katinta mai ruwan ɗorawa na lokacin da ta sauke farali. Ta duba ta ce, “Mama ba ta buƙatar wata.” Ejan ya ce mana a sabunta, amma tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allurar shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ta ƙara da cewa wannan allurar, ba kamar ta mura ba, rayayyiyar ƙwaya ce da aka raunana, kuma munanan illolinta, duk da ba su da yawa, sun fi samun waɗanda suka haura shekara 60 a karonsu na farko. Da Umma ba ta taɓa yi ba, ta ce sai likita ya auna kafin a yanke. Ta kuma faɗa mana katin shawara na fita ƙasar waje ba aikin asibitin kuɗi ba ne, na ofishin lafiya na gwamnati da ke kula da matafiya ne. Yaya ɗan kasuwa ne, ya san ma'anar mutum ya mayar da ciniki da bakinsa.

Ta sanƙarau kuwa babu ja-in-ja, sharaɗi ce. Saudiyya na neman irin mai kariya daga nau'i huɗu, A da C da W da Y, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Dokar ba haka kawai ta faɗo ba: a Hajjin 2000 da na 2001 nau'in W ya ɓarke a cikin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu, suka sa wa iyalansu. Mai sayen katin bogi ba jami'in filin jirgi kaɗai yake yaudara ba, har da jikokin da za su rungume shi ranar dawowa.

To, ga inda suka gaza.

Babu farashi a rubuce ko'ina. Sai ka je tagar biya a faɗa maka da baki, kuma wata mata da ke bayanmu abin da aka faɗa mata bai yi daidai da namu ba. Da na tambaya, aka ce dala ce ta motsa. A cikin safiya ɗaya? Ku nemi rasit mai sunan kowace allura daban.

Ɗakin allurar ba shi da labule na kirki. Dattijuwa za ta buɗe dantse, maza na wucewa ta ƙofa. Da mayafina na kare Umma. Wannan gyaran bai fi kuɗin yadi huɗu ba.

Wanda ya fi damuna shi ne bambancin ma'aikata. Sista ta zaunar da Umma minti 15 bayan allura, ta hana mu tafiya. Amma wani matashin ma'aikaci a ɗaya teburin yana tsira wa mutane yana sallamar su nan take, kuma da kunnena na ji yana ce wa wani, “Ba ta da wata illa ko kaɗan.” Bai tambaye shi ko jikinsa ya taɓa ƙin wani magani ba, bai tambaye shi ko yana da zazzaɓi a ranar ba. Ke nan ingancin wurin ya dogara da teburin da ka faɗa. Ga shi babu takardar bayani da Hausa da za ka tafi da ita, babu lambar waya da za ka kira in wani abu ya taso cikin dare. Duk bayanin da na kawo a sama a bakin mace ɗaya yake, ranar da ta tafi hutu ya tafi da ita.

Jira ma akwai, don likita ɗaya ne ke duba masu ciwon suga da hawan jini kafin a wuce ɗakin allura. Ban ƙi dubawar ba, amma a tafi da ɗan abin taɓawa saboda mai suga.

Umma ta yi ciwon dantse da ɗan zafin jiki a daren, ta sha farasitamol, washegari ta shiga harkokinta. Ta je Umara ta dawo da tarin nan da kusan kowa ke dawowa da shi, amma bai kwantar da ita ba. Ba zan ce allurar ce ta hana ba, mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma Yaya ya riga ni faɗin haka. Har yanzu yana nan a kan bakansa cewa shi ba za a yi masa ta mura ba. Sai dai da matarsa za ta tafi, shi da kansa ya ce a tambaya wace rana Sista ke aiki.

In za ku je, ku je da saura aƙalla wata guda kafin tafiya, domin riga-kafin shan-inna ana son a yi shi mako huɗu kafin isa, ta mura kuma ta samu lokacin kama jiki. Ku ɗauki tsohon katin allura ko da ya yage, da kwalayen magungunan da tsohon ke sha. Sharuɗɗan Saudiyya kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a duba sanarwar ma'aikatar lafiyarsu ko a tambayi hukumar alhazai, kada a tsaya ga saƙon ejan kaɗai.