Shagon gyaran kwamfutar da ya gano lalatacciyar RAM kafin a yi asarar kuɗi

A wani layi da ke kusa da titin Ahmadu Bello a Kaduna akwai ƙaramin shagon gyaran kwamfuta da na kai wa laftof ɗina, HP EliteBook 840 G5, bayan na ƙara mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) ta hannu mai 8GB domin ɗora Windows 11, tunda Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar tana kunnuwa lafiya, tana nuna 16GB cif, amma da zarar kwafar fayiloli ta yi nisa sai aikin ya tsaya da lambar kuskure 0x8007025D.

Masu gyara da yawa da sun ga wannan lamba sai su ce faifan ajiya ne ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Mai wannan shago bai yi wannan gaggawar ba. Ya sauya filas ɗin da ake ɗora Windows daga cikinsa, kuskuren ya dawo. Ya cire sabuwar RAM ya bar tsohuwar, sai Windows ta hau ba gardama. Duk da haka bai yanke hukunci ba sai da ya goge haƙoran RAM ɗin da abin goge fensir, ya hure ƙurar da ta taru a gurbinta, ya musanya gurabe biyun, sannan ya tayar da MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, daga filas. Ba a jima ba jajayen layuka masu nuna lalacewar RAM ɗin suka cika fuskar kwamfutar.

Bayaninsa ya gamsar da ni, cewa kwamfuta tana karanta girman RAM ne kawai yayin kunnawa, amma ɗora Windows yana warware manyan dunƙulallun fayiloli a cikinta, kuma gurɓacewa kaɗan ta isa ta ɓata aikin. "Malam, ɗauki hoton nan ka nuna wa wanda ya sayar maka," in ji shi.

Shagon yana da nasa aibun. Wurin zama benci ɗaya ne, ba ya ba da rasit sai an matsa masa, kuma idan an ɗauke wuta yakan yi nawar tayar da janareta, alhali gwajin yana cin sa'o'i. RAM nau'in DDR4 da yake sayarwa ta fi ta kasuwa tsada, sai dai yana gwada ta a gaban mai saye kafin ya karɓi ko sisi.