Duwatsun dajin fadama da na yi oda: ɓawon ya burge ni, amma mai kayan sai a hankali

Saitin duwatsu ne masu shatin itatuwan fadama na zamanin Carboniferous, wani tsohon zamani a tarihin duniya, wani ɗan kasuwa a Ingila ke sayarwa a intanet, na saya don ɗalibaina saboda na gaji da zana musu yadda kwal ya samu a allo suna kallona kawai.

Na ɓawon bishiyar Lepidodendron ɗin kam masha Allah. Zane ne reras kamar fatar kada, har wani yaro ya rantse ƙadangare ne, alhali gurbin ganye ne, duk inda ganye ya faɗi sai ya bar tabo. Bishiyar kan kai mita 30 a cikin laka da ruwa, sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin Ingila na kusa da ikwaita, ga zafi ga danshi. In ta faɗi ruwan ya rufe ta ba iskar da za ta ruɓar da ita, a haka aka tara kwal ɗin da suka yi ta haƙa. Da na ce musu a dajin akwai ƙwaro mai fiffike kusan santimita 70 ajin ya kaure, har wata ta tambaya ko kwal ɗin Inugu ma na wancan zamanin ne, na ce a'a namu na zamanin Cretaceous ne, ƙaramin yaro ne a kan wannan. A ranar kam, da tauraro biyar zan ba mai kayan.

Amma fa da na tuna ɗayan sai raina ya sake ɓaci. Mai shatin ganyen fern, wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda hotonsa ne ma ya ja ni na biya kuɗin, a jarida kawai ya naɗe shi, ko soso babu, ya cusa su waje ɗaya da babban suna ta gugar juna tun daga can har Kano. Gari na tarar, sai ɗan ɓalli kamar farce. Na tura masa hoto, wai ai dutsen laka ne dama haka yake ɓarewa. To malam kai da ka san haka me ya hana ka naɗe shi da kyau?? Kuma takardar bayani babu sunan mahaƙar da aka samo su, sai "UK" kawai, na tambaya shiru har yau.

Tauraro biyu, su ma albarkacin ɓawon ne. Kuɗin aikowa ma bai dawo min da ko sisi ba.