Ajin gyaran ci da motsa jiki ko ƙwayar metformin?

Talakan Amurka, baƙar fata ko ɗan asalin Latin Amurka, da gwajin HbA1c ɗinsa (gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku) ya faɗa tsakanin 5.7 da 6.4, wato yana dab da ciwon suga, hanya biyu ke gabansa kafin ciwon suga ya kama shi.

Binciken DPP, wani bincike kan rigakafin ciwon suga a Amurka da aka fitar a 2002, ya gwada su kan mutum 3,234, kusan rabinsu daga tsirarun ƙabilu. Ajin ya rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari, metformin kashi 31. A ajin ana so mutum ya rage kashi 7 na nauyinsa, wato mai kilo 90 ya zubar da shida da 'yan kai, ya kuma yi tafiyar sassarfa minti 150 a mako. Tsarin ajin na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, shekara guda ne: zama 16 a wata shidan farko, sannan wata-wata.

A nan gizo ke saƙar. Mai aikin dare, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, da wanda shagon unguwarsu sai abincin gwangwani da lemon kwalba, su ne ke fara fashin zuwa aji. Shi ya sa ajin da ake yi a coci ko cibiyar unguwa, da harshen mahalarta, ya fi riƙe mutane.

Metformin ba ya cin lokaci, ga arha. A binciken an sha miligiram 850 sau biyu a rana. Yakan sa gudawa da tashin zuciya da farko, don haka a sha da abinci, kuma dogon sha na rage bitamin B12. Ya fi yi wa matasa da masu ƙiba sosai aiki. Ga waɗanda suka kai shekara 60 bai taɓuka abin kirki ba, alhali ajin ya rage musu haɗarin da kashi 71.