GARGAƊI: masu sayar da filaye da hatimin "an karɓa" sun cinye min ajiyar shekara 7

Jama'a wallahi tun jiya da daddare nake rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma na ga in na yi shiru wani zai zurma ramin da na zurma, don har yau da safe allon tallansu yana nan tsaye a bakin titi, ko kunya babu. Ajiyata ta shekara 7. Shekara 7 ina matse bakin aljihu, ko waya ban canza ba, mutum ɗaya ya naɗe ta cikin wata 4 yana min murmushi.

Kuma tun kafin wani ya zo min da "ai da ka bincika", to na bincika. Ni ba yaro ba ne, ba kuma a intanet na ga hoto na tura kuɗi ba. Sau uku ina zuwa wurin da ƙafata. Irin sabbin unguwannin bayan gari ne da birni ke tunkuɗowa, gireda ta fitar da layuka tsaf, an kakkafa turakun wuta duk da babu waya a kansu, ga kwalbati sabuwa fil a mashiga, kowane fuloti da dutsen iyakarsa da lamba a jiki. Nawa lamba 47, murabba'in mita 450, a kwana. Tambayar farko da na yi wa mai sayar da filin ita ce awon igiya ne ko awon gwamnati, ya yi dariya ya ce haba Malam, ka taɓa ganin awon igiya da kwalbati?

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da ya shimfiɗa taswirar a kan motarsa. Ana iska, ya danne gefe ɗaya da wayarsa, ɗaya gefen da makulli, ya ɗora yatsa kan wani shuɗin hatimi a ƙasan takardar ya ce, "Malam kada ka yarda da ni, ni ɗan Adam ne. Ga lambar fayil, je ka sashen tsara gari na ƙaramar hukuma ka tambaya da kanka." Kada ka yarda da ni. Wallahi wannan maganar ce ta kashe min jiki. Ku gaya min tsakani da Allah, wane ɓarawo ne zai tura ka ofishin hukuma da bakinsa? Ina rufe ido yatsan nan nake gani, ashe a daidai kan rubutun hatimin ya ɗora shi, ni kuma ina ta kallon tambarin hukuma ina gyaɗa kai.

Na je ofishin. A baranda na ci karo da wani da fayil a hammata da kati rataye a wuya, katin a juye, ya ce Yallaɓai me ake nema. Na ba shi lambar, ya shiga ciki kamar minti 20 ya fito ya ce fayil yana nan. Kuma bai yi ƙarya ba, fayil yana nan. Abin da ban tambaya ba shi ne me aka rubuta a cikinsa. Har na ba shi na goro don murna, kai ni ma dai.

Na biya kashi 40 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, bayan wata 2 na ƙara kashi 30, a'a ku tsaya, kafin na ƙara 30 ɗin ne ya karɓi abin da ya kira kuɗin raya unguwa, wai na titi da magudanar ruwa da janyo wuta, ko kuma bayan nan ne, rasit ɗin dai yana nan zan duba. Ga la'adar dillali daban. Kashi 70 dai na kuɗin fili ya tafi. Saura 30 wai sai takardar mallaka ta fito, wannan ma ya ƙara kwantar min da hankali, na ce ai mai niyyar gudu duka zai karɓe. Kashi 70, da kuɗin raya unguwa, da la'ada, da fandisho da bulon da na kai har taga. Shekara 7.

Maganar izinin gini kuwa na tambaye shi, Allah shaida na tambaye shi, ya ce tunda an amince da tsarin unguwar gaba ɗaya kowa ya fara gininsa daga baya a cike takardu a dunƙule. Ƙarya ce tsagwaronta. Amincewa da yanka fili zuwa fulotai abu ne daban, izinin ɗora gini a kan fuloti ɗaya abu ne daban, kowanne da takardarsa. Mu ko ɗaya ba mu da shi.

Ranar wata Talata magini ya kira ni muryarsa na rawa wai in zo yanzu-yanzu. Na tarar da jan fenti a jikin bangona, ƙaton gicciye, da takardar a dakatar da aiki an liƙa. Ba ni kaɗai ba, layin gaba ɗaya ya sha ja. Na kira mutumin ya ce kuskure ne, yaran ofis ne suke neman na cefane, zai gyara kafin Juma'a. Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Af na manta, sati biyu kafin nan ya kira ni yana roƙon in cika sauran 30 ɗin wai takarda ta kusa, Allah ya taimake ni ba ni da su a lokacin.

Na koma ofishin, wannan karon na wuce baranda na shiga har gaban tebur. Wata jami'a ce, ta karɓi takarduna ta duba hatimin ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce, "Malam ka karanta abin da ke jiki kuwa?" An karɓa. Abin da hatimin ya ce ke nan, an karɓa, da kwanan wata. Irin wanda ake buga wa kowace takarda da ta shigo ofis, ko wasiƙar neman aiki ce. Ta yi min bayani, in mutum yana son yanka fili ya sayar sai ya kawo taswira ya nemi izini, a buɗe masa fayil a ba shi lamba, sannan a je a duba wurin, a auna taswirarsa da babban tsarin garin, a ji ta bakin masu kula da tituna da ruwa da wuta, in komai ya daidaita sai a ba shi wasiƙar amincewa mai lambarta daban. Lambar fayil shaidar ka nema ce kawai. Ta buɗe fayil ɗin ta nuna min wasiƙar da aka ƙi amincewa, an rubuta ta wata 14 kafin in biya ko sisi. Wata 14! Yana sane sarai lokacin da yake danne taswira da makulli.

Sai ta sa lambobin awon wurin a kwamfuta ta juyo min da ita. Fulotina yana tsakiyar hanyar da aka ware wa babban titin da zai kewaye garin, na maƙwabtana na ƙasa kuma a kan hanyar ruwa suke, wato ko ba a rushe ba damina ce za ta tashe su. Na ce to diyya fa? Ta ce wanda ya yi gini ba izini a kan hanyar da aka ware, da wuya. Safiyon da na ɗauka daga baya, wanda ya kamata in ɗauka tun farko, na sani ba sai an gaya min ba, ya ce lambobin da ke jikin duwatsun iyakar ba sa cikin rajistar kowa, siminti ne kawai aka zuba aka zana lamba da ƙusa.

Su ma hukumar ina da magana da su. Gireda ba allura ba ce. Kusan shekara 2 ana share wurin nan ana kafa turaku, ga allo ƙato a bakin titin da ma'aikatanku ke bi kullum, kun san kun ƙi amincewa, me ya hana ku kafa naku allon ku ce nan hanya ce kada kowa ya saya? Sai da talaka ya kai gini taga sannan kuka tuna kuna da fenti. Ta ce ma'aikatan sa ido kaɗan ne kuma motar zagaye ɗaya ce, na ji, amma motar da ta kawo fenti ai ita za ta iya kawo allo. Shi kuma na baranda na kwatanta shi, kowa ya ce bai san shi ba.

Yanzu mu 23 ne a gurup ɗin WhatsApp, kuma a nan na gano lamba 47 ɗin ma ba ni kaɗai aka sayar wa ba, akwai wani bawan Allah mai rasit irin nawa sak. Ofishin kamfanin haya ne, an kwashe har labule. Lauya ya nuna min wani layi da ƙananan haruffa a yarjejeniyar wai cinikin yana kan sharaɗin samun amincewar hukuma, kuma na sa hannu, e na sa, a kan motar nan dai. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Hoton hatimin da rasit-rasit da sikirinshot na hirarmu da muryarsa yana cewa kada ka yarda da ni duk suna wayata, lauya ya ce in dakata da suna da lambar waya tukuna, amma sauran zan ɗora su yau da daddare in sha Allahu, in ya so masu cewa wauta ce tawa su zo su duba hatimin su gaya min ko su za su gane.

In za ka sayi fili ka ce a nuna maka wasiƙar amincewa, ka karanta hatimi da idonka, ka shiga har cikin ofis ka rubuta neman bincike a ba ka amsa a rubuce, ka tafi da safiyonka. Kada ka tsaya da kowa a baranda.

Kai kuma ɗan'uwa mai ɗaya rasit ɗin na 47, don Allah ka ɗauki wayata, ba rigimar fili zan yi da kai ba, lauya ne yake son kwafin takardarka kafin Litinin.