Yawon daji da ɗan rakiya a Yankari: me ake samu, me ke ɓata shi

Mafi yawan masu zuwa Yankari, gandun namun daji da ke Jihar Bauchi, ruwan ɗumi na maɓuɓɓugar Wikki ne ke kai su. Su yi wanka, su ɗauki hoto, su juya. To amma hidimar da ta fi cancantar kuɗin mutum ita ce fita cikin dajin tare da ma'aikacin tsaro, wanda dattawa har yau suke kira malamin daji.

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe wurin, a 1957 ya zama gandun daji a ƙarƙashin En'e ta Bauchi, sai ranar 1 ga Disamba 1962 aka buɗe wa baƙi. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Duk wannan sauyin hannu, aikin mai gadi bai canja ba: zama a bakin daji, sanin sawu, da korar mafarauta daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Gadon da masu gadin suka bari yana ɗakin tarihi na sansanin Wikki, inda aka jera fatu da ƙahonni da kayan farautar da aka ƙwace. A fara da nan kafin a hau mota, don mai rakiya ya fi sakin baki idan ya ga baƙo ya san abin da yake tambaya. Da za a ware kusurwa guda ta nuna yadda masu gadin farko suka zauna, da ɗakunansu da kayan aikinsu, da ɗakin ya cika.

Hanya: daga Bauchi a bi titin Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofa zuwa Wikki akwai sama da kilomita 40, duk cikin daji, don haka a cika tanki tun daga gari.

Lokaci shi ne ke gyara yawon ko ya ɓata shi. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na kwance ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa kogi. Sai ka yi awa biyu kana kallon ganye. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa tafkuna sun ƙafe, ɓauna da gwanki da gwambaza da kanki duk suna gangarowa kogin Gaji. A fita da sassafe ko bayan la'asar. Wanda ya fita da tsakar rana kada ya zargi mai rakiya, namun daji suna inuwa. Giwa sa'a ce, garken na yawo da nisa, kuma malamin daji na kirki ba zai yi maka alkawarinta ba. Zai dai nuna maka kashinta da rassan da ta karya, ya faɗa maka na jiya ne ko na shekaranjiya. Zaki kuwa kada ma a sa rai.

Abu biyu ke ɓata wa baƙi rai, kuma duka ana iya kauce musu. Na farko ƙudan tsando a bakin kogi. Baƙin tufafi da shuɗi ke jawo shi, cizonsa kuma yana ratsa yadi marar kauri, saboda haka a sa riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa. Na biyu gwaggon biri a cikin sansanin. Ya saba da mutane, ya san leda, ya san taga. A rufe ɗaki da mota, kada a ci abinci a fili, kada kuma a ba shi da hannu. Wanda ya ba shi yau shi ya koya masa fizgar na wani gobe. Gadu ma na kiwo tsakanin ɗakuna, amma shi babu ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

A nemi a haɗa da kogunan Marshall a cikin yawon, ko da za a ƙara kuɗi. Ɗakuna 59 ne da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofar kowanne kamar rabin mita, sai an durƙusa. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey guda 139 masu haɗe da juna ta ƙasa. Ba wuraren da baƙo zai nemo da kansa ba ne, kuma doka ma ba ta yarda a shiga daji ba mai rakiya ba.

Wankan Wikki a bar shi ya zama na ƙarshe. Ɗumin ruwan digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Kusa da inda yake ɓulɓulowa zurfinsa ya kusa mita 2, don haka yara da wanda bai iya iyo ba su tsaya can ƙasa inda ƙafa ke taɓa yashi.