Densha de Go!: na PlayStation ko na Nintendo 64?

Mai tara tsofaffin wasannin bidiyo da ke neman Densha de Go!, wasan tuƙa jirgin ƙasa na kamfanin Taito, yakan tsaya tsakanin biyu. Na PlayStation, na 1997, ya yaɗu sosai a Japan, shi ya sa faifansa ke da arha a shagunan gwanjo na Akihabara, wata unguwa a birnin Tokyo. Na Nintendo 64, na 1999, bai kai wancan yawa ba. Amma kuɗin ba a kaset ɗin yake ba, yana a na'urar tuƙin mai hannu biyu, ɗaya na wuta, ɗaya na birki. In ta zo da kwalinta bai yage ba, farashi sai ya yi sama. Ni dai na Nintendo 64 zan saya, ko da ban iya karanta Japananci ba.